Hoton Takwaran Malam

A daminar da Malam, mahaifinmu, ya kwanta ciwon ajali, ni kaɗai ne mai kwamfuta a lungunmu na Kwarbai. Ba tawa ba ce, ta ofis ce. Ina aiki da wata hukumar raya noma, suka ba ni ita tare da modem, 'yar na'urar da ake haɗawa da layin tarho. Sai in buga lambar Kaduna, ta gama kukanta, sannan in sa lambar sirri in shiga keɓaɓɓiyar hanyar da ke kai mu babban ofis. Duk wasiƙuna ta nan suke biyowa.

Ƙanena da ke karatu a ƙasar waje ya sami ɗa, ya sa masa sunan Malam, ya aiko mini da hoton jaririn. Da na faɗa wa Malam, ya ce, "To, a nuna mini takwarana."

Hoton ya ƙi sauka. Yakan faro daga sama, layi-layi, ya kawo bangon ɗaki da saman wata hular saƙa, sai waya ta yanke. In na sake bugawa, a koma farko.

Ba abin da ban yi ba. Na canja igiyar da ke tsakanin modem da bango. Na gwada da hantsi, na gwada bayan la'asar. Na hau mashin na ɗauko wani injiniya a Tukur-Tukur, ya ce ai hanyar ofishin ce, kulle-kullen da take yi wa saƙo ke rage mata gudu. Ni kuma ba ni da wata hanyar. Ma'aikatan tarho suka hau falwaya, suka ce ruwan sama ne ya shiga mahaɗa, suka naɗe, suka sha fura suka tafi. Hoton bai wuce goshi ba.

Kullum na shiga gaida Malam sai ya ɗago ido ya ce, "Ya iso?"

"Yana hanya, Malam."

Daga baya ya daina tambaya. Sai da aka kwana goma na ce wa ƙanena ya aiko ta gidan waya. Taurin kaina ke nan, na riga na cika baki cewa na'ura za ta iya.

Malam ya rasu ranar Talata da hantsi. Na yi abin da babban ɗa ke yi. Na tsaya wajen wanka, na shiga kabari na karɓe shi, na zauna a zaure ina amsa "ya haƙuri". Ban ji komai ba, kamar wanda aka yi wa allurar cire haƙori.

Ranar sadakar uku, bayan an watse, na kunna kwamfutar don in rubuta wa ƙanena yadda aka yi jana'iza. Hoton ya sauko gaba ɗaya kafin shayina ya huce. Yaro ne mai kumatu, idonsa a rufe. Na fitar da shi a takarda na kai wa Inna, mahaifiyarmu, a ɗakin da take zaman takaba.

Ta daɗe tana kallo. Ba ta iya kiran sunan, sai ta ce, "Mai sunan Malam ke nan." Sannan ta nuna tarhon da ke kan kabad ɗinta, reshen da aka ja mata daga layin ɗakina tun bara. Na manta da shi sam.

"Kai kuwa ka sa a duba wayar nan. Tun da Malam ya kwanta nake jiran kiran ɗan'uwanka. Bini-bini nake ɗagawa in ji ko tana aiki, sai in ji tana ƙara kamar gyare. In danna, in danna, in ajiye. Kwana ukun nan ne dai ban taɓa ta ba."

A nan na gane. Duk ɗagawar da ta yi, ita ce yankewar da nake gani a ɗakina. Na tsaya ina kallon tarhon, ina jira in ji haushi ko baƙin ciki, babu wanda ya zo.

Na ce, "To, Inna, za a duba."

Har ta koma ga Allah ban faɗa mata ba. Da ƙanena ya kira a makon, ya tambaye ni ko Malam ya ga yaron, na ce masa ya gani.