Talle Mai Farfesun Tasha

A garin Jugu na ƙasar Dahomey aka haifi Talle, mahaifiyar kuma ta rasu a wajen haihuwar. Ungozoma ta duba jaririn ta kasa cewa namiji ne ko mace, domin halittar ta zo a haɗe. Inno, kakar yaron, ta ce a ɗaura zane tukuna. Haka Talle ya taso cikin mata, ya iya daka, ya iya miyar ɗanyar kuɓewa fiye da sa'o'insa.

Bayan Dahomey ta samu 'yancin kai da 'yan shekaru, muryar Talle ta buɗe, gemu ya fara tsirowa. Inno ta rufa masa mayafi ta kai shi zauren Malam Ladan, tana magana tana kuka. Malam bai nuna mamaki ba. Ya ce littattafan fiƙihu sun yi wa irin wannan halitta babi guda, ba laifin kowa ba ne, kuma alamar da ta bayyana a balaga ita ake bi.

"Inna, Allah bai yi kuskure ba," in ji shi. "Jikanki namiji ne. A ɗinka masa riga."

Abin da ya fi yi wa Talle ciwo shi ne ƙawayensa sun fara rufe kai idan ya shigo. Da tsegumi ya yi yawa, sai ya bi fataken shanu zuwa garin Faraku, ya kafa tukunyar farfesun kai da ƙafa kusa da tashar jirgin ƙasa. Mahauta sukan tsokane shi cewa zamansa irin na mata ne, su kuma cinye tukunyar kafin azahar. A masallaci sahun ƙarshe yake tsayawa, har ranar da liman ya kamo hannunsa ya ja shi gaba.

Bai yi aure ba. Ya ce ba zai ɗauki 'yar mutane ya kasa ba ta haƙƙinta ba. Da ya samu ɗaki biyu a unguwar Albarika, ya je ya ɗauko Inno. Har ta rasu takan manta ta ce masa "ke", shi kuwa ya amsa, ya miƙa mata romo.