Rabin Ƙwaya

Har furfura ta cinye masa kai Auta ake kiransa. Shagon ɗinkin da ke bakin titi nasu ne shi da yayansa, kekunan ɗinki biyu suna fuskantar juna, almakashi ɗaya na yawo tsakani. Tun suna yara komai rabawa suke yi: burodi, sabulu, har dukan mahaifinsu. Da ido ya fara rauni ma tabarau ɗaya suka saya, mai zura zare a allura shi ke sawa. Zamani ne mai daɗi, ƙarar kekuna da gardamar ƙwallo tun safe har yamma, Auta yana kewarsa har gobe.

Shi ya fara zuwa asibiti. Likita ya ce hawan jini ne: ya rage gishiri, ya riƙa tattaki, ya sha ƙwaya ɗaya kullum, in ba haka ba ɓarin jiki na iya shanyewa. Da ya dawo, Yaya ya ce ai shi ma ƙeyarsa na sara masa.

"To mu je a auna ka mana, Yaya."

"In rufe shago in je bin layi? Jininmu ɗaya, cutarmu ɗaya. Kawo nan."

Auta ya sa reza ya raba ƙwayar biyu cif, irin yankan tela. Haka suka yi ta yi kowace safiya, su a dole sun yi dabara. Rabin bai ishi Auta ba, Yaya kuwa ba wanda ya san inda jininsa ya kai.

Wata rana da hantsi keken Yaya ya yi shiru a tsakiyar ɗinki. Auta ya ɗaga kai ya ga bakin Yaya ya karkace, ƙafar dama ta zame daga kan feda. An garzaya da shi asibiti, ya rayu, magana ta dawo. Ƙafar da hannun dama ba su dawo ba.

Yanzu kowa da maganinsa, da ranar awonsa. Yaya na zama a kujera bakin ƙofa, kekensa lulluɓe da zani. Duk safiya Auta kan tsaya da ƙwayar a tafin hannu, don bai iya cin abu shi kaɗai ba.

"Me kake jira?" in ji Yaya, harshensa na ɗan nauyi. "Haɗiye ta duka, ina kallo. Ƙafa ɗaya mai taka feda ta rage wa shagon nan, kuma taka ce."