Babba Ke Farawa

Shekararmu ta farko a Greensboro ta ƙasar Amurka ba a cikin gari muka zauna ba. Malam, mijina, ya samo mana ɓangaren gidan wata tsohuwa baƙar fata a McLeansville, inda in ka leƙa taga ba abin da za ka gani sai gonaki da akwatin wasiƙa a bakin titi. Shi yana da abin yi, karatun aikin gona ya kawo shi, da sassafe zai ja motarsa ya tafi jami'a. Ni kuwa sai in wuni ina zagaye ɗaki biyu. Babu bas, babu tasi, babu maƙwabciyar da zan leƙa mu gaisa sai mai gidan, wadda muke kira Mama. Wata takwas ina wannan zama, har na fara yi wa tukunya magana.

Sai Allah ya sa na samu gurbin karatun aikin jinya a wata kwaleji a cikin gari, za a fara farkon Satumba. Malam ya shirya da wani abokin karatunsa zai riƙa ɗaukarsa, ni a bar mini motar. Sauran abu ɗaya, lasisin tuƙi. In babu shi ranar da aka buɗe, gurbin a ba wata. Na kuwa riga na faɗa wa Malam gaskiyata, in wannan ya kuɓuce mini ya sa ni a jirgi in koma Kano, na gaji.

Malam mutumin kirki ne, amma Allah bai yi shi don koyar da tuƙi ba. Da na ɗora hannu a sitiyari sai ya koma wani mutum. Birki, birki, ba kya gani ne, kashe mu za ki yi? Kafin in gane wace ƙafa yake nufi ya riga ya cafke sitiyarin. Ni kuma ba a tayar mini da jijiyar wuya in yi shiru. Haka muka je jarrabawar farko ba ma ga maciji da juna. Komai ya tafi daidai har aka zo inda ake cewa ka juya mota a ƙaramin titi, ka yi gaba, ka yi baya, ka sake gaba. Wajen yin bayan nan ne tayata ta sauka daga kwalta, mai jarrabawar ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce in sake dawowa.

Mama tana da ɗa guda, sojan sama ne, Saje muke ce masa. Sansaninsu yana can gabas, tafiyar awa biyu da wani abu, in ya samu hutu sai ya zo ya ci girkin uwarsa ya yanke mata ciyawa. Da farko na ɗauka matuƙin jirgi ne. Ya ce a'a, shi mai yake ba jirage. Na ce to, gidan mai kenan a filin jirgi. Ya yi dariya ya ce a sama. Jirginsu tanki ne mai fiffike. Shi yana can wutsiyarsa a kwance rub da ciki kan wata 'yar katifa, haɓarsa a kan matashi, yana kallon ƙasa ta gilashi. Jirgin yaƙi zai taho ta baya ya matso har sai sun ga idon juna da matuƙin, sannan ya miƙa wani dogon bututu ya saka shi cikin rami a bayan jirgin nan, duk suna cikin gudu. Cewa yake babu wanda ya kai shi gata a rundunar, hafsoshi uku ne ke tuƙa shi zuwa wurin aiki, da ya isa kuma sai ya kwanta.

Su huɗu ne kullum, kyaftin da mataimakinsa da mai duba hanya, sai shi ƙaraminsu a muƙami, wanda ke ɗumama musu abinci ya dafa kofi. Bayan 'yan makonni sai a kulle su kwana bakwai a wani gini kusa da jirgin, zaman ko-ta-kwana. Ko aski ɗayansu zai yi sai su tafi su huɗun a mota ɗaya, don in jiniya ta yi kuka babu jiran kowa. Ya ce ya taɓa shiga jirgi da rabin aski, mai duba hanyarsu kuma da kumfar sabulu a kunne. Abin ya bi jikinsa. Ko a gidan Mama bai taɓa ajiye mota sai hancinta na kallon titi, takalminsa kuma a bakin ƙofa, zif a buɗe.

Saje yana zaune a baranda ranar da na tumɓuke akwatin wasiƙar Mama da mota. Ya ji ihun Malam, ya ji nawa. Sai da ya gama kafa akwatin, sannan ya ce da Malam cikin ladabi ko zai yarda a gwada irin tasu hanyar. Malam ya sha mur, amma kunyar akwatin ta hana shi musu.

Washegari muka shiga mota mu huɗu. Ni a gaba, Saje a gefena, Mama a baya da kwanon wake tana ɓarewa, Malam kusa da ita an naɗa shi mai duba hanya, ba shi da izinin cewa komai sai dama ko hagu. Kafin in tayar da mota sai da Saje ya fito da kati ya karanto abubuwa ɗaya bayan ɗaya ina amsawa, madubi, kujera, birkin hannu. Sai ya ɗaga hannuwansa sama ya ce, "Mota a hannunki." Ya ce in amsa, haka suke yi in matuƙi zai bar wa ɗan'uwansa jirgi, don kada kowa ya ɗauka ɗayan ne ke riƙe. Na ce, "A hannuna." Ya kuwa tura hannuwansa ƙarƙashin cinyarsa, bai sake fito da su ba.

Muryarsa ce ta fi ba ni mamaki. Ko kan bishiya na nufa, da irin muryar da ake tambayar gishiri zai ce hagu kaɗan, sassauta, tsaya. Na tambaye shi ko shi ba ya jin tsoro ne. Ya ce yana ji mana, amma matuƙin da ke ƙarƙashinsa da kunne yake tuƙi, in muryar mai bututu ta yi rawa hannunsa ma sai ya yi. Na waiga na kalli Malam, ya yi kamar gonar masara yake nazari.

Da muka dawo Saje ya ce ba a gama ba, a zauna a teburin kicin. A wurinsu duk jirgin da ya sauka sai an yi zaman bita, kowa ya faɗi kuskurensa da bakinsa, kuma babba ke farawa. Ya ba mu labarin ran da bututunsa ya karce gilashin wani jirgin yaƙi, ya sauko yana tsammanin aikinsa ya ƙare. Da aka zauna sai kyaftin ɗinsu ya riga kowa, ya ce shi ne ya karkata jirgi bai sanar ba. Saje ya ce daga nan nasa laifin bai yi masa nauyin faɗa ba.

Mama ta fara, tunda ita ce babba. Ta ce ta ɗauko zancen mawaƙan cocinsu daidai lokacin da nake shan kwana. Aka zo kan Malam, ya gyara zama ya ce shi dai bai ga nasa ba, amma ni na manta sigina sau biyu. Saje ya ce to, mu wuce, ya faɗi nasa, na faɗi nawa. Haka aka yi kwana uku. Kullum Mama da abin da za ta ce, kullum Malam fes yake kamar sabon kwano. Wallahi abin yana ci mini rai, don na san da kunnena na ji ya ce dama a inda ya kamata ya ce hagu, har muka ɓulla hanyar Summerfield muna kallon dawakan mutane.

Tuƙin kam ya fara zama. Na shiga High Point Road da rana tsaka na sayo shinkafa a kantin wani Bakoriye, na fito ban taɓa motar kowa ba. Juyin nan ne kawai ya rage, rana ɗaya ya yi, rana ɗaya ya ƙi. Saje ya koma sansani da alƙawarin zai dawo mu ƙarasa. Sai ga waya, an tura su raka wasu jiragen yaƙi su haye teku, suna ba su mai a hanya, ba zai dawo ba sai bayan makonni. Saura kwana goma a buɗe kwaleji. Ga shi kujerar gefena ta koma wa mai ita.

Ana gobe jarrabawa muka fita da la'asar, ni da Malam da Mama. Na karanta katin da Saje ya bar mini, Malam yana duba agogo. Na yi gaba, na sa ribas, ina tafiya a hankali yadda aka koya mini, ido a kan kwatar da ke gefen titi. Ina ganinta sarai, saura taku biyu in taka birki. Ai sai Malam ya yi salati ya cafke sitiyari, ni kuma na razana na taka totur. Sai ji muka yi ƙasa ta karɓe mu. Waken Mama ya watsu har gaban mota. Wani manomi ne ya zo da tarakta ya jawo mu, yana ta ƙoƙarin ɓoye dariya.

Ban yi faɗa ba, abin ya wuce faɗa. Na shiga ɗaki na sauko da akwatina daga kan kwaba na fara ninke zannuwa. Baƙin ciki ya ishe ni. Sai ga Mama a bakin ƙofa, ta ce mota ta sauka, a zo tebur. Na ce Mama Saje ba ya nan. Ta ce teburin nata ne ba na Saje ba.

Muka zauna mu uku. Mama ta ce nata kuskuren shi ne ta ga hannun Malam yana tasowa ba ta buge shi da kwano ba. Ta juya ta zuba masa ido. Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Na riga na shirya jin cewa na taka totur. Da ya buɗe baki sai ya yi da Hausa, yana kallon tebur.

"Ni na kama sitiyari. Da na ƙyale ki da kin juya lafiya. Laifina ne."

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba. Ina jiran in ji ya ce amma, sai na ga ashe bai gama ba.

"Kuma ni ma sau biyu na faɗi jarrabawar nan. A juyin nan dai. Ta biyun, kwandon shara na hau."

Mutumin da ya ce mini a zama ɗaya ya karɓi lasisi, har mai jarrabawar yana yaba masa! Dariya ta ƙwace mini, na yi har da hawaye, hawayen kuma suka ƙi tsayawa bayan dariyar ta wuce. Tausayinsa ya kama ni. Ashe duk ihun nan nasa kwandon yake hangowa. Mama ba ta jin Hausa, amma ta dubi fuskokinmu ta ce to, saura ke. Na ce na taka totur. Wallahi bai fi nauyin cokali ba a bakina.

Da safe Malam ya fito da mota bakin titi, ya fita ya zagayo ya miƙo mini makulli. Ya zauna, ya ɗaga hannuwansa kamar an ritsa shi da bindiga.

"Mota a hannunki."

"A hannuna, Malam."

Ya tura su ƙarƙashin cinyarsa. Har muka isa ofishin jarrabawa ban ji komai daga gare shi ba sai hagu ɗaya, dama biyu, da wani nishi da ya haɗiye a wajen fitilar hanya. Wata mata ce ta jarraba ni a wannan karon. Da ta ga na fito da kati ina duba madubi da kujera ina amsa wa kaina, sai ta tambaya ko mijina soja ne. Na ce a'a, manomi ne. Aka zo juyi, na ji muryar nan ta tambayar gishiri a kunnena, na yi gaba, na yi baya, na sake gaba. Ta ce in koma ofis a ɗauki hotona na lasisi.

Sai tsakiyar Oktoba Saje ya dawo, ya rame, ya kawo wa Mama gwangwanin shayi. Ranar na biya jami'a na ɗauko Malam bayan na tashi daga kwaleji, farar rigata a jikina. Yana tsaye a baranda na shigo da baya, na ajiye mota hancinta na kallon titi. Mama ta riga ta ba shi labarin teburin tun kafin ya ajiye jaka. Ya sauko, ya wuce ni da lasisina da nake ɗaga masa ta taga, ya zagaya ɓangaren da Malam ke zaune da hannuwa a ƙarƙashin cinya. Ya haɗa ƙafa, ya ƙame, ya sara masa.