Amanar Babur Mai Feda

A shekarun da na yi aiki a wani kamfanin jimar fata a Challawa, ɗaki ɗaya muka kama a Zawaciki ni da wani mutumin Damagaram. Ba ƙauna ce ta haɗa mu ba da farko, wari ne. Shi yana ɓangaren zuba wa fata gishiri, ni ina wajen wanki, kuma duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san warin ba ya barin jiki, ko da za ka ƙarar da sandar sabulu. In ka shiga adaidaita sahu sai na kusa da kai ya juya fuska waje, wai shi yana kallon hanya. Mu biyu kuwa ba wanda zai toshe wa ɗan'uwansa hanci, sai muka haɗa kayanmu wuri guda.

Da yake ni Bakano ne shi Badamagare, wasan da ke tsakaninmu a shirye muka tarar da shi. Bai taɓa kiran sunana ba. Sai dai in ji, "Kai Bakano, bawana, miƙo mini buta." Ni kuma in ce, "Ji shi! Yunwa ta koro ka, ka zo kana yi wa masu gari tsawa." Iyalina suna ƙauye can wajen Rano, sai in daɗe ban leƙa su ba. A duk faɗin Kano, in ka cire shi, ba ni da wanda zan zauna in yi hira da shi har in yi dariya.

Yana da wani tsohon babur mai feda, irin wanda a ƙasarsu suke kira mobilet. Ranar da na fara ganinsa na ce wannan ai keke ne ya ci ya ƙoshi. Ya ce to in ci gaba da tafiya a ƙasa. Washegari ni ne a bayansa, na ƙanƙame kariya, tireloli suna wuce mu suna hura mana hayaƙi. In mun zo wurin da hanya ta ɗan hau sai injin ya fara nishi, shi kuwa ya kama taka feda yana taimaka masa, yana zagina wai tuwon Kanawa nauyi gare shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci yake wankin babur ɗin, kuma a nan ya koya mini yadda yake aiki, ba tare da na roƙe shi ba. Ya ce wannan inji ba ya shan fetur zalla. Sai ka zuba masa baƙin mai kaɗan a kwalba, ka haɗa da fetur, ka girgiza, sannan ka juye a tanki, domin man da ke cikin fetur ɗin shi ke shafe fistin kada ya ƙone. Daga tanki mai ya gangaro kafireta, ita kuma ta gauraya shi da iska. Fistin ya taso ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta tashi ta tura fistin ƙasa, hayaƙi ya fice ta salansa. "Shi ke nan fa," in ji shi, "sama, ƙasa, sama, ƙasa. Ko Bakano zai gane." Ba shi da giya. Totur kawai za ka murɗa, in injin ya ɗau gudu sai kuloci ya kama da kansa. Ba shi da batir kuma, ƙafarka ce makullinsa: ka kafa shi a kan ƙafarsa ta ƙarfe, ka hau, ka taka feda har sai ya yi tari ya tashi.

Kowace damina yakan koma gida noma, in an yi girbi ya dawo. Kafin mu haɗu, ya ce, kullum ya dawo sai ya tarar babur ɗin ya mutu murus, don in mai ya daɗe a kafireta sai ya bushe ya zama kamar ƙaro, ya toshe ƙofofin. A wannan shekarar, da hadari ya fara haɗuwa, ya ɗaure kayansa ya tsaya a bakin ƙofa.

"Bakano, ga amana. Duk Juma'a ka tayar da shi, ka bar shi ya yi ɗumi. In za ka kashe, rufe famfon mai, ka bar shi ya shanye na cikinsa har ya mutu da kansa. In kana so ka hau, hau."

Na ce, "Allah ya kiyaye in hau kayan mutane a hanyar Challawa. Ka dai dawo da wuri, kuma kada ka zo mini hannu rabbana."

Ya yi dariya ya tafi. Layin wayarsa na nan ƙasar ne, yana tsallaka iyaka ya daina shiga.

Ban san ɗaki yana da girma ba sai da ya tafi. In na taso daga aiki in dafa taliya in ci ni kaɗai, in wanke kwano ɗaya. Ruwan sama ya yi ta dukan kwanon rufi, ba wanda zan ce wa kai, yau ana ruwa. Wallahi akwai ranakun da in ban da sallama da amsa gaisuwa, bakina bai furta komai ba. Sai Juma'a ta zama ranar da nake jira. In fito da babur tsakar gida, in girgiza kwalba, in hau in taka. Da ya tashi sai gidan ya cika da ƙara da shuɗin hayaƙi, maƙwabta su yi ta tsaki, wata tsohuwa ta ce zan kashe mata kaji. Oho dai. Ni daɗin ƙarar nake ji, don a kunnena da ita da surutun Badamagare duk tafiyarsu ɗaya.

Aka yi girbi. Mutanen Nijar suka riƙa dawowa kamfani, wannan yau, wancan gobe, kowa ya rame ya yi baƙi, da ƙullin dabino ko cuku na tsaraba. Shi shiru. Duk wanda na tara sai ya ce ba garinsu ɗaya ba. Wani ya ce kamar ya hango shi a kasuwar Magarya, wani ya ce anya kuwa. Mai gidan da muke haya ya kawo mini wani mai gadi daga Sharada wai mu zauna tare, na ce a'a, wurin da mai shi. Wani bakanike ma ya yi ta bina in sayar masa da babur ɗin. Na ce, "Malam, ba nawa ba ne. Mai shi yana nan zuwa." Na faɗi wannan magana sau da yawa, kuma duk lokacin da na faɗa sai in ji sanyi a raina.

Wata Juma'a, bayan wata daminar ta sake shigowa, na taka har gumi ya jiƙa mini riga, babur ya ƙi tashi. Na zauna a ƙasa na tuno yadda yake yi, na kwance fulogi, na tarar bakinsa ya yi baƙi ƙirin. Na kankare shi, na hura, na mayar. Taku kaɗan sai ga shi ya kama. Na ƙyalƙyale da dariya, na waiwaya in ce ka gani ko, Badamagare? Ba kowa a tsakar gidan sai igiyar shanya.

Bayan girbin wannan shekarar, wata rana da hantsi, aka ce ana sallama da ni a bakin get. Wani dattijo ne cikin masu kawo fata daga Nijar. Ya ce ni ne Bakanon da ke zaune da wane? Na ce ni ne, Baba, lafiya dai?

"Lafiya lau yake," in ji dattijon. "Wansa ne Allah ya yi wa rasuwa, gida ya dawo kansa. Ga tsohuwa, ga marayu, ga gona. Ya ce in gaishe ka da kyau. Ya ce kuma babur ɗin nan ya bar maka, kyauta, halak malak. Da tabarmarsa da tukunya, duk ka riƙe."

Ya tsaya yana murmushi, yana jira in yi murna. Na yi masa ta'aziyya, sannan na ce, "Baba, bai ce muku yaushe zai zo ba?"

"Bai ce ba."

"To ku ce masa ban karɓa ba. Amana ya ba ni. Ya zo ya ɗauki abinsa."

Dattijon ya ce, "Ɗana, ni saƙo aka ba ni, na kuma isar. Wanda zai dawo ai ba ya kyautar da tabarmarsa."

Abin da ban so a faɗa ba ke nan. Muddin babur ɗin nasa ne, dole wata rana ya zo. Yanzu ba abin da ya rage masa a Kano, kuma baƙin cikin da na ji a bakin get ɗin nan ban taɓa jin irinsa a kan kyauta ba.

Kafin in koma bakin aiki labari ya riga ni shiga, mai gadin get ɗin ya baza. Abokan aiki suka taso da hannuwansu jiƙe, suna dukan kafaɗata. "Kai, ka yi babur! Sai ka sayo mana goro!" Wannan ya ce Allah ya sanya alheri, wancan ya ce Allah ya tsare hanya, Allah ya sa a kashe lafiya. Na sunkuya na jawo fata daga cikin ruwa don kada su ga idona, ina ta cewa amin, amin.