Ruwan Alwalar Kaka

Jiya da hantsi na ga koriyar fara a jikin taga, sai na tuna kakata. A shekarun fari irin wannan fara ta kusa ƙarewa a dajin Tirmini. Kaka ta samo 'yan kaɗan ta zuba a kaskon yashi, ta rufe da rariya. Kullum a kan kaskon take alwala, don yashin ya yi laima farin su saka ƙwai.

Kawuna ya ce, "Inna, muna wuni a bakin rijiya, ke kina shayar da fara?"

Ta ce, "Ruwan ya gama aikinsa. Kuma ciyawa take ci, ba geronka ba."

Da damina ta dawo, muka kai kaskon bakin tafki, 'ya'yan suka watse cikin sabuwar ciyawa.

Allah Ya jiƙanta, Ya sanyaya makwancinta kamar yashin nan.