Mutumin da Sunansa Ke Bakin Mutane

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa daga ka, har nakan shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina me na zo ɗauka. Amma ranar da aka zo tambayar aurena a gidanmu na Kafanchan, wannan kam ba zan taɓa mantawa da ita ba, domin saura ƙiris yabo ya kashe mini aure tun ba a ɗaura ba.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, ina koyarwa a wata firamare kusa da tashar jirgi. Mai nemana ɗan wajen Fadan Kagoma ne, ya yi karatu a Ingila ya dawo ana ce masa Dokta, yana aiki a jami'a. Bincikensa a kan garkuwar jiki ne, wato yadda jinin mutum ke yaƙi da ciwo. Mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya faɗa, ga tsafta. Ciwonsa guda ɗaya tak, shi ne ƙirge. Ashe su masu bincike, idan mutum ya rubuta abin da ya gano aka buga a mujallar masana, sai ya koma gefe ya kasa kunne yana jiran wasu masanan su ambaci sunansa a nasu rubutun. Kowane ambato ƙirga shi ake yi, har da wani ƙaton littafi da ake fitarwa duk shekara don kowa ya je ya duba nasa. Yawan ambatonka, yawan girmanka. To, Dokta ya san nasa adadin fiye da ranar haihuwarsa. Muna zaune ina ba shi labarin ɗalibaina, sai in ga yana murmushi, in ɗauka da ni yake, sai kawai in ji, "Kin san wani a Japan ya ambace ni?" Na ji lambar nan har ta ishe ni, don haushi ma na ƙi riƙe ta, yau ko za a yanka ni ba zan iya faɗa muku ba.

Duk da haka ina son sa, so ba na wasa ba. Tsorona Baba ne. Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne, dattijo a majami'armu, mai magana ɗaya. In ya ce a'a a gaban mutane, ko fasto ya zo da Littafi a hammata ba zai sauya ba. Da idona na ga an mayar da wani mai neman yayata da akuyarsa, don kawai Baba ya ji an ce an taɓa ganin sa a gidan burkutu.

A al'adarmu mai neman aure ba ya buɗe baki, wani babba daga danginsa ne ke magana a madadinsa. Dokta ya zo da kawunsa, wani tsohon manomin citta wanda Hausarsa ta kasuwa ce. Daga baya na ji cewa tun daga Kagoma har ƙofar gidanmu Dokta yana koya masa abin da zai faɗa, wai kada a bar komai a baya.

Ranar Asabar ce da yamma. An jera bencin da aka aro daga majami'a a ƙarƙashin mangwaro, an ɗaure akuyar da suka kawo a gefe, dattawa sun zauna. Ni da Mama da Gwaggo, wato yayar Baba, muna ɗakin girki, kunnuwanmu a taga. Da aka gama addu'a sai kawun ya miƙe, ya gyara riga, ya ce, "Ɗan nan namu ba ƙaramin mutum ba ne. Duk inda ka je, sunanshi yana bakin mutane. Ingila ana maganarshi, Amurka ana maganarshi, har ƙasar da ban iya kiran sunanshi ba. Akwai babban littafi a wurin Turawa, an rubuta shi a ciki, kowane shekara ana ƙara mishi."

Wani dattijo ya ce, "Wane aiki yake yi?"

"Aikin jini," in ji kawun, yana washe baki. "Yana ɗiban jinin mutane."

Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu!" Ku 'yan yanzu ba za ku gane ba. A wurinmu ba a cewa sunan mutum yana bakin mutane sai ɓarawo ko mai bin matan aure. Mutumin kirki ba a maganarsa sai ranar da za a binne shi. Wanda aka rubuta a babban littafi kuwa, ai na 'yan sanda ne. Ga shi kuma an ɗora da jini, a lokacin da iyaye ke tsorata yara da masu satar jinin mutane. A taƙaice, a cikin numfashi ɗaya tsohon nan ya gabatar da saurayina a matsayin ɓarawo, mazinaci kuma maye, shi kuma gogan naka yana zaune cikin kwat yana gyaɗa kai don daɗi.

Baba ya cire tabarau ya ajiye a cinya. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san ba alheri ke biyo wannan ba. Ya ce, "To, me ya yi musu?"

Sai a lokacin Dokta ya farga. Ya manta da al'ada, ya miƙe zumbur ya ce, "Baba, ba haka ba ne. Masana ne suke ambaton aikina a rubutunsu, kuma ana ƙirgawa. Yanzu haka an ambace ni sau..." Ya faɗi lambar nan, har da ɗan tsayawa don a ji ta da kyau.

"Yabon ka suke yi?" in ji Baba.

"Wasu yabo ne. Wasu kuma suna cewa na yi kuskure."

"Masu cewa ka yi kuskuren, su ma ka ƙirga da su?"

"E, Baba, duk ambato ne."

"Ikon Allah. Kai fa, in ka ambaci kanka?"

Dokta ya ɗan sosa ƙeya. "Shi ma yana shiga."

Wani dattijo ya tuntsire da dariya har ya kusa faɗowa daga benci, ya ce in haka ne matarsa ta fi kowa girma a Kafanchan, don babu gidan da ba a maganarta, ita ma ba ta gajiya da maganar kanta. Gwaggo kuwa ta kasa haƙuri, ta fito ta tsaya a gaban maza, ta nuna gwiwarta da ta kumbura ta ce in likita ne ya duba. Dokta ya ce, cikin ladabi, shi ba irin wannan likitan ba ne. "Jini kana ɗiba, magani ba ka bayarwa," in ji Gwaggo. "To ina kake kai shi?" Ya fara bayani, rabi Hausa rabi Turanci, kowace kalma ta fi ta baya tsawo, yana ta lissafo mujallun da suka buga shi. Ina kallo ta taga kamar in je in toshe masa baki da tsumma.

Sai na ga Baba ya juya yana kallon akuyar. Na san abin da zai biyo baya, zai ce su kwance abarsu. Mama ma ta gani. Ta cusa mini kwanon ruwa a hannu ta ce, "Je ki kai, maza, kafin ya yi magana." Na fita na durƙusa gaban Baba. Ba a kira ni ba, ba ni da izinin magana, amma haushi da tsoro suka buɗe mini baki. Na ce, "Baba, ku tambaye shi me yake nema a cikin jinin. Ni ma ban taɓa ji ba."

Gaskiya na faɗa. Duk tsawon zamanmu na san wa ya ambace shi, ban san me yake nema ba.

Baba ya dube ni har na sunkuyar da kai, sannan ya dubi Dokta ya ce, "Ka ji. Amsa. Amma ban da Turanci, ban da lamba."

Kai, na tausaya masa. Ya buɗe baki, wata doguwar kalma ta leƙo, Baba ya ɗaga yatsa, ta koma. Ya sake gwadawa, haka. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Can sai ya zauna, ya ajiye hannuwa a gwiwa, ya yi magana da Hausa zalla, da wata murya da ban san shi da ita ba. Ya ce yana ƙarami baƙon dauro ya shigo ƙauyensu, wato ƙyanda, ya kwantar da shi da ƙanensa. Tabarma ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci, uwa ɗaya ke jinyarsu. Shi ya tashi, ƙanen bai tashi ba. "Tun daga ranar nake so in san me ke cikin jinina da babu a nasa," in ji shi. "In an gane, wataƙila a iya ba wa yaran da ba su da shi."

Babu wanda ke zaune a ƙarƙashin mangwaron da baƙon dauro bai taɓa shiga gidansa ba. Na ji shesshekar Mama daga ɗakin girki, domin tsakanina da yayata akwai biyu da ta binne. Gwaggo ta saki zanenta ya rufe gwiwar.

Baba ya mayar da tabarau. "Ka gano?"

"Ban gano ba tukuna, Baba. Ɗan kaɗan na leƙa."

"To ai wannan ya kamata ka koya wa kawunka a hanya." Ya juya ga ƙannena ya ce a shigar da akuyar cikin gida a ba ta ruwa. Sannan ya ƙara da cewa, "Su kuma masu cewa ka yi kuskure, ka riƙa gaishe su. Da alama su ne suka karanta har ƙarshe."

Ni dai a durƙushe nake da kwanon ruwa, na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na haɗa duka biyun. Kawun kuwa har suka tafi bai san ya yi ɓarna ba, ya riƙa gaya wa mutane a Kagoma cewa bakinsa ne ya samo wa ɗansu mata.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in aka ce miki ana yawan ambaton mutum, kada ki yi saurin tafi, kada kuma ki yi saurin gudu. Ki tambaya me ake cewa, sannan ki tambaye shi abin da ya sa shi aikin tun farko, ki hana shi fakewa da manyan kalmomi. Da muka sami ɗanmu na fari, sunan ƙanen nan muka sa masa. Wannan sunan kam safe da yamma ana kiran sa a gidanmu, kuma ban taɓa ganin Dokta ya zauna ƙirgawa ba.