Ƙugiyoyin da Yanzu-Yanzu Ta Zubar

Ba ta taɓa karanta takarda har ƙasa ba, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa hakan ba. In aka ba ta magani, layin farko na takardar take dubawa, ta ce sauran duk tsoron likita ne. In aka kawo sabon kayan wuta gida, kafin mijinta ya gama warware takardar cikin kwali ta riga ta jona. Da haka ta ƙona dutsen guga, ta ƙona injin markaɗe, ba ta kuwa tuba ba. Duk aikin da aka tambaye ta yaushe za ta yi, amsarta ɗaya ce, har amsar ta zama sunanta. Yara a makaranta suna cewa Malama Yanzu-Yanzu, tana amsawa.

Da tafireta ta fara aiki a wannan makarantar firamare, tana buga takardun jarrabawa da sauri kamar ruwan sama a kan kwano. Da aka daina yayin tafireta sai aka mayar da ita laburare, wani siririn ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai kuka. A ƙarƙashin teburinta akwai wata tsohuwar kwamfuta da aka ɗora a kan bulo don kada ruwan goge-goge ya taɓa ta. A cikinta wikin makarantar yake. Wani malamin kimiyya ne ya kafa shi tun da daɗewa, kafin a yi masa canjin wurin aiki. Shafuka ne da kowane malami zai buɗe daga ɗakin malamai ya rubuta darasinsa, wani ya zo ya gyara ko ya ƙara. Ba a wani wuri aka ajiye su ba, duk suna cikin wannan akwatin. Aikin Yanzu-Yanzu a kansa bai wuce ta kunna da safe, ta kashe da yamma, ta kaɗe ƙura ba. Shekaru suka yi ta wucewa, malamai suna ta zuba darussa, babu wanda ya taɓa sabunta manhajar.

Sai kwamfutar ta fara mutuwa da kanta, ana tsakiyar rubutu ta ɗauke. Hedimasta ya sa aka kawo sabuwa. Mai shagon da ya kawo ta ya leƙa tsohuwar, ya ce wannan wikin ya tsufa ƙwarai, ba zai tashi a sabuwar ba sai an sabunta shi, shi kuma sayarwa ya iya.

A taron malamai hedimasta ya ce, "To, a bar shi ya tafi. Kowa ya sake rubuta nasa."

Malamar aji ɗaya, wadda kowa ke kira Inna, ta cire tabarau ta ajiye. Ita ta fi kowa shafuka a ciki, duk darussan koyar da baƙi da wasali nata ne, ga shi idanunta sun yi rauni. Ta ce, "Yallabai, ni dai ba ni da idon sake rubutawa. In ya tafi, ya tafi da ni."

"Ni zan sabunta shi," in ji Yanzu-Yanzu.

Malamin lissafi ya fashe da dariya. Ƙanen mijinta ne, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. "Matata, ke da kika ƙona dutsen guga?"

"Wanda ya ƙirƙiro shi kai biyu gare shi? Rufe min baki, mijin wahala."

Hedimasta ya ba ta wa'adin hutun zangon nan. In an dawo bai yi ba, za a kwashe tsohuwar a kai sito.

Ta nemo umarnin sabuntawa a wayarta, ta buga shi a takarda. Doguwar takarda ce da Turanci, Turancin kuma ba ya ba ta tsoro. Allah ya taimake ta, abin da ke layin farko shi ne: kafin ka taɓa komai, kwafe rumbun bayanan da duk fayiloli ka ajiye a wani wuri. Layin farko kuwa ba ya wuce ta. Ta kwafe komai a filas, ɗan abin ajiyar bayanan nan da ake soka wa kwamfuta, ta rataya a zoben makullanta. Daga nan ta tsallake tsakiya, ta sauko da manhaja mafi sabunta, ta zuba tsofaffin bayanan a ciki, ta danna.

Allon ya yi fari fat, sai wani jan rubutu a sama. Ta kashe ta kunna. Ta buga gefen akwatin da tafin hannu, kamar yadda take yi wa tafireta. Babu abin da ya motsa. Dole ta koma takardar, ta sauko zuwa tsakiya tana tsaki. A nan ta ga an ce wanda nasa ya tsufa ƙwarai ba ya tsallakawa kai tsaye, sai ya fara hawa wani mataki na tsakiya, sannan ya hau na ƙarshe.

"Ashe tsani ne," ta ce da fanka. "Su faɗa tun farko mana."

Ta goge abin da ta yi, ta sake zubawa daga filas, ta hau na tsakiya, ta hau na ƙarshe. Wannan karon shafin farko ya buɗe, da tambarin makaranta da komai. Ba ta tsaya duba sauran ba, ta kira hedimasta ta ce aiki ya gama.

Washegari ta buɗe wani shafi don ta yi alfahari a gaban mai shara, sai ta ga ɓarna. Duk inda harafi mai ƙugiya yake, ƙ ko ɗ ko ɓ, ya rikiɗe ya zama wasu alamomi biyu marasa kan gado, kamar kaza ta taka tawada. Sauran haruffa lafiya lau. Da wata ce, da ta koma kan takardar. Ita kuwa ta gano akwai wurin da ake cewa a nemo kaza a musanya da kaza a dukkan shafuka. Ta ce ai mutane a waya ba sa sa ƙugiya, kuma ana gane su. Ta mayar da tarkacen ƙ ya zama k, na ɗ ya zama d, na ɓ ya zama b. Cikin ƙiftawar ido shafuka suka yi tas. Ta karkaɗe hannu.

Saura 'yan kwanaki a koma, malamai suka fara shigowa shirin zango. Hedimasta ya zauna ya rubuta dogon jadawalin zango a sabon wikin yana yaba saurinsa. Malamin lissafi ya ƙara darussansa. Da hantsi sai ga Inna a ƙofar laburare, tabarau a hannu.

"'Yar nan, zo ki karanta min wannan, ko idona ne ya ƙarasa."

Darasinta ne na tagwayen kalmomi, wanda take nuna wa yara yadda ƙugiya ke canja ma'ana. Yanzu-Yanzu ta karanta da ƙarfi: "Yara, ku bambanta baki da baki. Ku bambanta kafa da kafa. Bari daban, bari daban."

Malamin lissafi, da ya biyo bayan Inna, ya riƙe ciki. "Matata, kin gama da mu! A nawa ma an ce in darasi ya kare. Wane karen? Na gidan wa?"

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baƙi ne da baki, ƙafa ce da kafa. Abin da nake koyarwa ke nan tun kafin a haifi wasu malaman nan. In babu ƙugiya, babu darasin."

"Yanzu-yanzu zan mayar," in ji ta, ta kai hannu. Sai hannun ya tsaya. In ta ce a mayar da kowane k ya zama ƙ, kare na gaskiya ma zai zama ƙare, kasuwa ta zama ƙasuwa. Ta cakuɗa gero da yashi da hannunta, injin kuma bai san wanne ne wanne ba. Bin shafukan ɗaya bayan ɗaya kuwa aikin shekara ne.

Ba mai kuka ba ce, ba kuma mai dogon ban haƙuri ba. Ta ce, "Inna, ni na ɓata. Ku ba ni yau." Ta ciro makullanta ta ɗaga filas ɗin. A cikinsa komai yana nan yadda yake tun ranar farko, da ƙugiyoyinsa. Sannan ta jawo kujera da ƙafa, ta dangwara wa malamin lissafi takardar umarnin a cinya.

"Zauna. Karanta min daga sama har ƙasa, da ƙarfi."

"Ni ban san komai a kan wannan ba fa."

"Ban ce ka sani ba. Karatu na ce. In ka ga hannuna ya nufi madanni kafin ka gama, buge shi."

"Yaya ya ba ni izini?"

"Yayanka ya daɗe yana neman mai yi masa wannan aikin."

Ya karanta, tana zaune tana kaɗa ƙafa kamar mai jiran mota. Ya buge hannun nata ya fi sau ɗaya. Can kusa da ƙarshe, a wani ɗan sakin layi da ba ta taɓa kaiwa ba, aka ce tsofaffin wiki suna ajiye haruffa da wani tsari na dā, kuma in harshenka yana da haruffan da Turanci ba shi da su, sai ka gaya wa sabuwar manhajar tsarin da tsohuwar ta yi amfani da shi kafin ka zuba bayanan. Layi ɗaya ne ake gyarawa a fayil ɗin saiti. Su biyun ba su fahimci dalilin ba, amma an rubuta abin da za a sa, harafi da harafi. Ya faɗa, ta buga, ya duba, ta gyara wani waƙafi da ta tsallake.

Ta goge komai, ta zuba daga filas, suka hau tsanin a hankali. Da aka gama ba shafin farko ta buɗe ba, na Inna ta buɗe. Baƙi da baki. Ƙafa da kafa. Ɓari da bari. Inna ta matso da fuska dab da allon, ta bi layukan da yatsa har ƙasa, ta ce, "To." Ta mayar da tabarau ta fita.

Ba a tashi a tutar babu ba, amma an yi asara. Duk abin da aka rubuta a 'yan kwanakin nan ya tafi, har da jadawalin hedimasta. Ya yi faɗa sosai. Ta saurare shi har rabi, ta ce ya kawo na takarda ta buga masa, ai bugu sana'arta ce. Kafin azahar ta gama, da ƙugiyoyinsa cif.

Halinta bai canja ba. A satin nan ma ta haɗa sabuwar fanka ba ta duba takarda ba, fankar ta yi ta juyawa baya. Wikin dai ya zama nata, malamai har daga wasu makarantu suna zuwa tambayarta, tana ba su amsa kamar ita ta ƙera shi. A taron farko na zango ta miƙe ba tare da an ba ta dama ba.

"Wannan abin ba za a sake barinsa ya tsufa haka ba, duk shekara zan sabunta shi. Amma kun san ni. Ranar da zan yi, ina roƙon a ba ni mutum ɗaya mai murya da haƙuri, ya zauna kusa da ni ya karanta min takardar har ƙasa. Kada ya bar ni in danna komai sai ya kai ƙarshe, ko da na zage shi."